LAMBAR OSKA DA KUƊIN ƘOFA: INA ZAƁIN MASANA YA DACE DA NA 'YAN KALLO?

A kowace shekara, wajen ƙarshen hunturu a ƙasar Amurka, manyan ma'aikatan silima sukan hallara a birnin Los Anjalis domin rarraba lambobin girma da ake kira Oska ga finafinan da suka yi fice a shekarar da ta gabata. Babbar lamba daga cikinsu ita ce ta gwarzon fim, kuma membobin wata ƙungiya ta masu sana'ar, su kimanin 10,000, ke jefa ƙuri'ar fid da shi. To, amma akwai wata ƙuri'ar da ake jefawa kullum a bakin ƙofar gidajen silima, inda mutum ke zaro kuɗin guminsa ya sayi tikiti. Tarihin shekaru fiye da 90 ya nuna cewa waɗannan ƙuri'u biyu sun daɗe suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, sa'an nan daga bisani suka raba hanya. Sanin yadda aka yi haka yana da amfani, domin daga dacewarsu ko saɓaninsu ne masu jari ke yanke shawarar irin labarin da za su zuba wa kuɗi, da irin wanda za su bari ya mutu a kan takarda.

Asalin Lambar

A shekarar 1927 ne aka kafa ƙungiyar da ke ba da lambar, bisa shawarar Louis B. Mayer, shugaban kamfanin MGM. An yi bikin farko ranar 16 ga watan Mayu, 1929, a otal ɗin Roosevelt da ke unguwar Holiwud. Mutane kimanin 270 suka halarta, kowannensu da tikitin dala 5, kuma rabon lambobin bai wuce minti 15 ba, don an riga an bayyana sunayen masu nasara tun watanni uku kafin ranar. Fim ɗin da ya ci babbar lamba shi ne Wings, wani fim marar magana a kan matuƙan jiragen sama na Yaƙin Duniya na Farko, wanda kuma ya yi kasuwa ƙwarai a zamaninsa.

A wancan lokaci manyan kamfanonin Holiwud su ne masu shirya fim, su ne masu rarraba shi, yawancinsu kuma su ne masu gidajen silima. Masu jefa ƙuri'a kuwa ma'aikatansu ne. Saboda haka fim ɗin da kamfani ya fi kashe wa kuɗi da talla, shi ne wanda jama'a suka fi gani, shi ne kuma wanda ma'aikata suka fi alfahari da shi. Babban misali shi ne Gone with the Wind na 1939, wanda ya ci kuɗi kusan dala miliyan 4, ya shiga takara a fanni 13, ya ci lamba 8. Idan aka yi la'akari da faɗuwar darajar kuɗi, masu lissafi sun yi ittifaƙin cewa babu fim ɗin da ya kamo shi wajen ciniki.

Duk da haka, ko a wancan zamani akwai waɗanda aka yaba amma kasuwa ta juya musu baya. Citizen Kane na 1941, wanda masana da yawa suka daɗe suna ɗauka a matsayin fim mafi inganci da aka taɓa yi, ya shiga takara a fanni 9 amma lamba ɗaya tak ya samu. Attajirin nan mai jaridu, William Randolph Hearst, ya ga kamar da shi ake a cikin labarin, sai ya hana jaridunsa tallata fim ɗin, har kamfanin RKO ya yi asara a nunin farko.

Zamanin Tafiya Tare

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abubuwa biyu suka girgiza sana'ar. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya tilasta wa manyan kamfanoni rabuwa da gidajen silimansu. Sa'an nan talbijin ya shiga gidajen mutane. A 1946 an ƙiyasta cewa ana sayar da tikiti tsakanin miliyan 80 zuwa 90 a kowane mako a Amurka, amma kafin farkon shekarun 1970 adadin ya faɗo ƙasa da miliyan 20.

Dabarar da kamfanoni suka ɓullo da ita ita ce su riƙa yin ƙasaitattun finafinai masu launi, masu faɗin allo, waɗanda ƙaramin akwatin talbijin ba zai iya kwaikwaya ba. Akan fara nuna irin waɗannan a 'yan gidaje ƙalilan cikin manyan birane, da tikiti mai tsada da kujera mai lamba, fim ya yi watanni a gida ɗaya kafin ya isa ƙananan garuruwa. Ben-Hur na 1959 ya ci dala miliyan 15, ya kwashe lamba 11, ya kuma fid da kamfanin MGM daga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. The Sound of Music na 1965 ya ci lambar gwarzon fim, a 1966 kuma ya zarce kowane fim da aka taɓa yi wajen yawan kuɗin da ya tara. Ribarsa ce ta farfaɗo da kamfanin Fox, wanda fim ɗin Cleopatra na 1963 ya kusa durƙusarwa. Labarin Cleopatra abin lura ne: ya shiga takarar gwarzon fim, ya fi kowane fim ciniki a Amurka a shekararsa, amma abin da aka kashe masa ya yi yawan da cinikin bai rufe ramin ba sai bayan shekaru.

Wannan dacewa ta ci gaba har cikin shekarun 1970 da 1980. The Godfather na 1972, da Rocky na 1976, da Kramer vs. Kramer na 1979, da Rain Man na 1988, kowannensu ya ci lambar gwarzon fim, kowannensu kuma shi ne kan gaba wajen ciniki a Amurka cikin finafinan shekararsa. Rocky dala miliyan ɗaya kacal ya ci, ya tara fiye da miliyan 100 a Amurka kawai. Kramer vs. Kramer kuwa labari ne na miji da mata da suka rabu suna shari'a a kan riƙon ɗansu. Babu yaƙi a ciki, babu dodo, amma magidanta suka yi ta tururuwa zuwa kallonsa. Wato a lokacin, labarin zaman iyali yana iya cika gidan silima maƙil.

Farkon Ɓaraka

A watan Yuni na 1975 kamfanin Universal ya saki fim ɗin Jaws na Steven Spielberg, labarin wani ƙaton kifi mai cin mutane, a gidaje fiye da 400 a rana ɗaya, bayan an cika talbijin da tallarsa. Cikin 'yan watanni ya shafe duk wani tarihin ciniki da ya gabata. Daga nan kamfanoni suka fahimci cewa matasa masu hutun makaranta su ne babbar kasuwa, kuma fim mai tayar da tsikar jiki yana iya mayar da jarinsa cikin makonni kaɗan.

Masu ƙuri'a sun shigar da irin waɗannan finafinai takara, amma suka riƙa hana su babbar lamba. Jaws ya sha kaye a hannun One Flew Over the Cuckoo's Nest, ko da yake shi ma wannan ya tara fiye da dala miliyan 100. Star Wars na 1977 ya tara fiye da miliyan 200 a nuninsa na farko a Amurka, ya ci lamba 6, yawancinsu a fannonin fasaha, amma gwarzon fim ya tafi ga Annie Hall mai cinikin miliyan 38. E.T. na 1982 ya tara fiye da miliyan 350, aka ba Gandhi mai cinikin kimanin miliyan 52. Daga wannan lokaci shekarar silima ta rabu gida biyu: lokacin hutun zafi na finafinan kasuwa ne, ƙarshen shekara kuwa na masu neman lamba.

Takara A Matsayin Jari

Ga ƙaramin fim, shiga takara kansa jari ne. Kamfanin Universal ya nuna haka a 1978 da fim ɗin The Deer Hunter, mai tsawon awa uku a kan yaƙin Biyetnam, wanda ake tsoron jama'a ba za su iya jure wa ɗacinsa ba. Aka nuna shi mako ɗaya kawai a watan Disamba a Los Anjalis da Niyu Yok domin cika sharaɗin takara, sa'an nan aka janye shi. A watan Fabrairu na 1979, daidai lokacin da aka bayyana cewa ya shiga takara a fanni 9, sai aka baza shi ko'ina. Ya ci lamba 5, ya kuma tara kusan dala miliyan 50 a kan jarin miliyan 15. Wannan dabara ta zama al'ada.

A shekarun 1990 kamfanin Miramax ya mai da neman lambar tamkar yaƙin neman zaɓe, da tallace-tallace a mujallun sana'a, da aika wa masu ƙuri'a kaset har gida, da liyafa iri-iri. A bikin 1999 fim ɗinsa Shakespeare in Love ya kayar da Saving Private Ryan, wanda ya fi kowane fim na 1998 ciniki a Amurka, lamarin da har yanzu ake muhawara a kansa. Tun daga nan kashe miliyoyin daloli wajen neman ƙuri'a ya zama ruwan dare, domin kamfanoni sun ga kuɗin yana dawowa ta ƙofar silima.

Slumdog Millionaire na 2008, labarin wani yaro ɗan unguwar matalauta a birnin Mumbai, saura ƙiris a sake shi a faifai kawai ba tare da ya ga gidan silima ba, saboda reshen kamfanin da zai rarraba shi a Amurka ya rufe. Da wani kamfani ya karɓe shi, ya ci lamba 8, ya tara kusan dala miliyan 380 a duniya a kan jarin miliyan 15. The King's Speech na 2010, mai jari kwatankwacin haka, ya haura miliyan 400. Parasite na ƙasar Koriya ta Kudu, fim na farko da ba na Turanci ba da ya ci gwarzon fim, a makon da ya biyo bayan nasararsa a watan Fabrairu na 2020 an faɗaɗa nuninsa zuwa gidaje kimanin 2,000 a Amurka, cinikinsa na ƙarshen mako ya ninka har sau uku.

Ƙololuwa Da Gangara

Titanic na 1997 shi ne ƙololuwar dacewar ƙuri'un biyu. An kashe masa dala miliyan 200, har ana raɗe-raɗin zai karya kamfanonin da suka haɗa jari, sai ga shi ya yi mako 15 a jere yana kan gaba a Amurka, ya tara dala biliyan 1.8, wato miliyan dubu ɗaya da ɗari takwas, ya kuma ci lamba 11 daidai da Ben-Hur. Mutane fiye da miliyan 55 suka kalli bikin 1998 a talbijin a Amurka. Kashi na uku na The Lord of the Rings ya maimaita irin wannan a 2003, da lamba 11 da ciniki fiye da biliyan ɗaya.

Bayan haka tazara ta yi ta faɗi. The Dark Knight na 2008 ya tara kimanin biliyan ɗaya, masana ma sun yaba masa, amma bai shiga cikin biyar ɗin da ke takarar gwarzon fim ba. Ƙorafin da ya biyo baya ya sa a watan Yuni na 2009 ƙungiyar ta ƙara yawan masu takara daga 5 zuwa 10, kamar yadda ake yi kafin 1944. Sai dai a bikin farko bayan canjin, wato na 2010, Avatar mai cinikin fiye da biliyan 2.7 ya sha kaye a hannun The Hurt Locker, wanda bai tara fiye da miliyan 17 a Amurka ba, miliyan 49 kuma a duniya baki ɗaya. Da wannan fim Kathryn Bigelow ta zama mace ta farko da ta ci lambar mai ba da umarni. A 2017 Moonlight ya ci, da jarin miliyan ɗaya da rabi da cinikin kimanin miliyan 65. A 2018 ƙungiyar ta ba da sanarwar ƙirƙiro sabuwar lamba ta fim mai farin jini, amma suka ta yi yawa har ta jingine shawarar cikin wata guda. A bikin 2021, lokacin annobar korona, masu kallon bikin a talbijin sun ragu zuwa kimanin miliyan 10. A 2022 kuwa aka ba CODA, wanda kamfanin Apple ya saya a kan dala miliyan 25 domin nunawa ta intanet. Abin da ya tara a gidajen silima kimanin miliyan 2 ne kawai.

Dalilan Rabuwar

Dalili na farko shi ne kasuwar duniya. A 2019 an sayar da tikitin kimanin dala biliyan 42 a duniya, amma kason Amurka da Kanada biliyan 11 ne da 'yan kai. Fim ɗin da zai gamsar da ɗan kallo a Sin da Birazil da Jamus a lokaci ɗaya shi ne mai ƙarancin surutu da yawan abin mamaki, musamman idan jarumansa sanannu ne tun daga littattafan zane ko finafinan baya. Labarin shari'ar riƙon ɗa ba ya ƙetare teku da sauƙi.

Na biyu shi ne magidanta sun koma kallo a gida, da farko ta kaset da faifai, daga baya ta intanet. Labaran da ada suke fid da su zuwa silima yanzu suna iske su a falo. Saboda haka manyan kamfanoni suka rage yin fim mai matsakaicin jari, irin wanda ya saba haɗa lamba da riba.

Na uku shi ne masu ƙuri'ar da kansu sun canja. Bayan sukar da aka yi a 2015 da 2016, lokacin da duk 'yan wasa 20 da suka shiga takara suka kasance fararen fata, ƙungiyar ta ɗauki dubban sababbin membobi, da yawansu daga ƙasashen waje. Bugu da ƙari, tun bikin 2010 mai ƙuri'a yakan jera finafinan ne bisa fifiko, a riƙa fid da na ƙarshe ana raba ƙuri'unsa ga zaɓi na biyu, har wani ya haura rabi. Wannan tsari yana taimakon fim ɗin da kowa ya amince da shi, ko da bai cika gidajen silima ba.

Yadda Ya Kamata A Karanta Alkaluma

Ya kamata mai karatu ya yi hattara da alkaluman ciniki. Tikitin silima a Amurka a 1939 bai kai kwatan dala ba, a 2019 kuwa ya haura dala 9, don haka kwatanta kuɗin zamani biyu ba tare da gyara ba ruɗi ne. Haka kuma masu gidajen silima sukan riƙe kimanin rabin abin da aka tara a ƙofa, sa'an nan ga kuɗin talla wanda ba a lissafa shi cikin jarin da ake bayyanawa. Idan aka auna riba da jari, Moonlight ya ninka kuɗinsa fiye da sau 40, abin da finafinai masu cinikin biliyan ba su cika yi ba.

Akwai kuma hukuncin da lokaci ke yankewa. The Shawshank Redemption na 1994 ya ci dala miliyan 25, ya tara miliyan 16 kawai a nunin farko, ya shiga takara a fanni 7 bai ci ko ɗaya ba. Amma takarar ta sa aka sake nuna shi, ya zama cikin kaset ɗin da aka fi haya a 1995, talbijin kuma ya yi ta maimaita shi har ya shiga sahun finafinan da jama'a suka fi ƙauna. Mahaƙurci mawadaci, in ji Hausawa.

Wani misalin ya shafi wannan ƙasa. Mother India na Mehboob Khan, wanda ya fito a 1957, shi ne fim ɗin Indiya na farko da ya shiga takarar Oska a fannin harsunan waje, inda wani fim na Italiya ya kayar da shi. Wannan bai hana shi yin shekaru aru-aru ana maimaita shi a gidajen silima na Kano da sauran biranen Arewa ba, 'yan kallo suna haddace shi ba tare da sanin ya taɓa zuwa Holiwud ba. Ita kanta Nijeriya ta fara aika fim takarar a 2019 da Lionheart, wanda aka ƙi karɓa saboda Turancinsa ya yi yawa. Daga baya ta aika The Milkmaid, mai Hausa da Fulatanci, sa'an nan Mai Martaba a 2024, ko da yake ba su kai ga biyar na ƙarshe ba.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna cewa maganar ba ta ƙare ba. A 2023 Oppenheimer na Christopher Nolan, mai tsawon awa uku a kan masanin da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya na farko, ya tara fiye da dala miliyan 950, ya kuma ci lamba 7 har da ta gwarzon fim, alhali Barbie mai cinikin biliyan 1.4 yana cikin abokan takararsa. Shekara guda bayan haka, a bikin 2025, aka ba Anora, mai jarin miliyan 6 da cinikin da bai kai miliyan 60 ba, mai ba da umarninsa Sean Baker kuma ya yi amfani da jawabinsa wajen roƙon jama'a su koma gidajen silima. Ƙungiyar ma ta tsaurara sharaɗi: tun daga finafinan 2024, wanda ke neman gwarzon fim sai an ƙara nuna shi a 10 daga cikin manyan kasuwanni 50 na Amurka. Manufar ita ce kada a wayi gari gwarzon shekara fim ne da mafi yawan jama'a ba su taɓa samun damar sayen tikitinsa ba.